Neman shawara kan reshen firist mai sadaukarwa a Dungeons & Dragons

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke jan wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur ne na labari da jefa ƙwaya, inda kowane ɗan wasa ke wakiltar wani jarumi) ga wani ƙaramin rukuni a nan Kaduna, kuma dokokin bugu na biyar na 2014 muke bi. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya roƙe ni in tsara masa reshen firist (jarumi mai sihirin warkarwa) wanda ginshiƙinsa sadaukarwa ce, wato wanda zai riƙa ba da lafiyar jikinsa domin abokan tafiyarsa su tsira. Abin da na rubuta shi ne, tun daga matakin farko firist zai iya zubar da makin ransa (makin da ke auna lafiyarsa) gwargwadon yadda ya ga dama, abokin da firist ɗin ya taɓa kuma ya samu ninki biyu. A mataki na 2, Channel Divinity ɗinsa, wato ikon musamman da yake samu daga abin bautarsa, zai ba shi damar ɗauke wa aboki sara ko suka ya mayar da shi kan kansa. Shin wannan ya yi ƙarfi da yawa? Me kuma ya dace in sa a matakai na 6, 8 da 17?

Malam na Kakuri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, baiwar matakin farkon nan tana da rami babba, domin ba ka ɗaura ta da wani abu mai ƙarewa ba. A ce firistoci biyu irin wannan suna rukuni ɗaya: na farko ya zubar da maki 5 ya ba na biyu 10, na biyu ya zubar da 5 ya mayar wa na farko 10, haka za su yi ta yi har kowa ya cika ba tare da an kashe gurbin sihiri (ƙidayayyar damar yin sihiri) ko ɗaya ba. Ko da firist ɗaya ne, zai zubar da 10 ya warkar da 20, sannan ya shafe mafi yawan nasa raunin da sihirin warkarwa na Cure Wounds na matakin farko.

Masu tsara wasan da kansu sun riga sun sa wa wannan ciniki farashi. Sihirin Life Transference, wanda ya fito a 2017, yana cin gurbi na mataki na 3, mai yin sa ya sha rauni na 4d8 (ƙwaya huɗu masu fuska takwas), kimanin 18 ke nan a matsakaici, abokinsa ya samu ninki biyu. Abin da ba a samu sai firist ya kai mataki na 5, inda irin wannan gurbin ke buɗewa, ka bayar kyauta tun ranar farko. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma naka firist ɗin zai ci zomonsa yana zaune. Shawarata ita ce ya biya da ƙwayoyin lafiyarsa na d8 waɗanda ake kashewa a gajeren hutu domin maido da makin rai. Adadinsu daidai yake da matakinsa, kuma a dokar 2014 rabinsu kawai ke dawowa bayan dogon hutu, saboda haka abin da ya bayar yau gobe ma zai ji shi a jikinsa.

'Yar Barnawa:
Na yarda da Malam kan ramin, amma ban gamsu da maganinsa ba. Ƙwayar hutu dukiya ce da ke kwance a takarda, wanda ya kashe ta a tsakiyar faɗa ba ya jin komai a lokacin, 'yan teburin ma ba sa jin tsoro a madadinsa. Firist na mataki na 5 da ke da +2 a ƙarfin jiki yana da makin rai 38 idan an bi matsakaicin lissafi. Idan abin da ya bayar yana rage iyakar makinsa har zuwa dogon hutu, to ya ba da 12 ya koma 26, babu sihirin warkarwa na yau da kullum da zai cike gurbin, kuma kowa zai ga mutum yana ƙanƙancewa a gabansa. Nan daɗin reshen yake.

Akwai kuma abin da ya kamata ka fayyace a rubuce. Idan ka ce rauni yake sha, dole ya jefa ƙwaya don riƙe natsuwarsa a kan sihirin da yake riƙe da shi, sakamakon ya kai 10 ko rabin raunin, duk wanda ya fi yawa, kuma sihirin albarka na Bless da yake riƙe wa rukuni yana iya zubewa. Idan ka ce maki kawai yake rasawa, wannan gwajin bai hau kansa ba. Ni na fi son na farko. Game da ɗauke wa aboki sara kuwa, sai ka rubuta cewa ba a rage wannan rauni ta kowace hanya, in ba haka ba wani zai yi masa sihirin kariya na Warding Bond ya riƙa shan rabi kawai.

Baban Yara, Malali:
Lissafi na bar wa masu shi. Abin da zan ja hankalinka a kai, ƙanena, shi ne teburinmu na Kaduna yakan haɗa Musulmi da Kirista, wani lokaci har da yara, kuma maganar yanka da zubar da jini ga abin bauta ba ƙaramar magana ba ce a wurin kowannensu. Ka tsayar da reshen kan mutum ya ba da nasa, kada ka buɗe ƙofar ya ba da na wani, ko dabba ko fursunan yaƙi, domin ranar da doka ta saka wa hakan da ƙarfi, wani ɗan wasa zai gwada. Ku zauna ku tattauna kafin a fara.

Ɗan Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai. Zan ɗauki rage iyakar maki kamar yadda 'yar'uwa ta kawo, in kuma taƙaita abin da zai iya bayarwa a yini zuwa ninki uku na matakinsa, domin toshe ramin da Malam ya nuna. Mataki na 8 zan bi tsarin da aka saba, ƙarin 1d8 a kan saran makami. Na 17 ne har yanzu ke ba ni wahala: ina tunanin ya faɗi zuwa sifiri domin ya tayar da duk abokan da suka faɗi cikin ƙafa 30, amma ina jin kamar ya dace ya fara da faɗuwa ɗaya a gwajin mutuwa, wato jefa ƙwayar da wanda makinsa ya ƙare ke yi don a ga ko zai rayu. Malam, kai ya ka gani?