Dutsen washi na Amurka, na Beljiyam da na Japan: ina bambancinsu?

Ɗan Wanzamai:
Assalamu alaikum. Na gaji wanzanci, kuma har yau da dutsen mahaifina nake wasa aska, sai dai tsakiyarsa ta lotsa har bakin askar ba ya kwanciya daidai a kansa. Na duba intanet na ga ana sayar da duwatsun da aka haƙo daga ƙasa, waɗansu daga Amurka, waɗansu daga Beljiyam da Japan, kuma kuɗinsu ya yi nisa da juna ƙwarai. Ina roƙon masana su bayyana mini ainihin bambancinsu, da wanda ya fi dacewa da aska.

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, dutsen da aka haƙo ba shi da lambar kaushi ko laushi irin ta dutsen masana'anta, don haka idan mai sayarwa ya rubuta 8000 ko 12000 a kansa, kintace ne kawai ya yi.

Na Amurka, wanda ake kira Arkansas, ana fasa shi ne a tsaunukan Ouachita, kuma kusan gaba ɗayansa ƙwayoyin ma'adinin kwaz ne masu ƙanƙanta da suka manne da juna ƙam. Ana rarraba shi bisa yadda ƙwayoyin suka matsu: Washita ya fi sauran ci, sai mai taushi, sai mai tauri, sannan baƙi da wanda haske ke ratsawa, waɗanda su ne na gamawa. Da mai ake aiki da shi, yana cin ƙarfe a hankali, amma yakan yi shekaru bai lotsa ba.

Na Beljiyam mai ruwan ɗorawa, wato coticule, daga yankin Vielsalm yake, kuma aikinsa daban ne. A jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin ma'adinin ganet, kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100, kuma idan ka zuba ruwa ka goga masa ɗan guntun dutse irinsa, sai ya saki wani ruwa fari-fari kamar madara, wanda shi ne ke cin ƙarfen. Idan ruwan ya yi kauri yana ci da sauri, kana ƙara ruwa yana raguwa, har ka gama da ruwa zalla. Da yake ƙwayoyin ba su da tsini sosai, kaifin da suke bari ba ya ƙona fatar mutum, shi ya sa masu aski a Turai suka daɗe suna son sa. Ni da ni ne kai, shi zan saya.

Mai Tara Duwatsu:
Baba Kafinta ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ya tsallake na Japan. Fitattun cikinsu daga tsaunukan kewayen Kyoto suke, irin su na ramukan Nakayama da Ohira, kuma yawancin ramukan an daina haƙa a cikinsu, wannan ne ya sa suka yi tsada. Ana tayar musu da laka da wani ɗan dutse mai suna nagura, kuma lakar tana ƙara laushi yayin da ake ta goga ƙarfe a kanta, ta yadda dutse ɗaya zai fara da ci ya ƙare da sheƙi. Matsalarsu ita ce duwatsu biyu daga rami ɗaya ma ba sa zama iri ɗaya, wani kuma yana da wata jijiya mai tauri da za ka ji askar ta yi ƙaras a kanta, ka duba ka tarar ta karce bakin. Ba a jiƙa su cikin ruwa, ba a shanya su a rana, domin suna tsagewa, kuma mai ba ya kusantar su ko kaɗan.

Mai Fawa:
Ku yi mini afuwa, malamai, amma yawancin waɗannan na gamawa ne. Wuƙar da ta dakushe ko bakinta ya ɓantare, sai dutsen yashi mai kaushi ya fara gyara ta, in ba haka ba mutum zai wuni a kan baƙin Arkansas bai ga komai ba. Kuma dutsen mahaifinka bai mutu ba, ɗan'uwa. Ka shimfiɗa samfefa mai jure ruwa a kan gilashi, ka zana layuka da fensir a fuskar dutsen, ka yi ta gogawa har layukan su ɓace duka, ka ga ya miƙe ke nan.

Ɗan Wanzamai:
Na gode ƙwarai, zan fara da miƙar da na gida. Baba Kafinta, idan na samu Arkansas daga baya, man gyaɗa zai yi?

Tsohon Kafinta:
A'a, man girki yana daskarewa ya toshe ƙofofin dutsen har ya daina ci. Ka yi amfani da man keken ɗinki, ɗigo uku ko huɗu sun isa, sannan ka share shi da tsumma bayan ka gama.