Wace kalmar Hausa za mu ba DHCP?

Daga Tawa:
Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa takardar koyarwa da Hausa domin matasan da ke koyon aikin reso a nan Tawa, sai DHCP ta tsayar da ni. Mu dai "de-ash-se-pe" muke cewa yadda muka ji a lekol, amma haruffa huɗun nan ba sa gaya wa yaro komai. Ita ce ke ba kowace kwamfuta ko waya lambar adireshinta da zarar ta shiga reso, haɗe da adireshin ƙofar fita intanet da na DNS, wato na'urar da ke juya sunan shafin intanet zuwa lambar adireshi. Na rubuta "rabon adireshi". Ya yi?

Daga Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Rabo bai yi mini ba. Abin da aka raba maka ya zama naka, ba mai zuwa ya karɓe. Adireshin nan kuwa da wa'adi ake ba da shi. Ƙa'idar da aka fitar a 1997, wadda ake aiki da ita har yau, ta ce in wa'adi ya kai rabi kwamfuta ta nemi ƙari wajen wanda ya ba ta. In bai amsa ba, sai ta ci gaba da nemansa har kashi 7 cikin 8 na wa'adin ya wuce, sannan ta nemi duk wanda zai ji ta. In wa'adi ya cika ba amsa, dole ta saki adireshin.

Masu Faransanci haya suke ce wa wannan, amma haya da kuɗi take tafiya, nan kuwa ba a biyan ko dala. Rance ma bai dace ba, domin mai rancen hatsi wani hatsin yake mayarwa. Aro shi ne kalmar: ka ari galma, ita ɗin dai za ka mayar, wani ya ara bayanka. Ka rubuta "aron adireshi". Na'urar da ke bayarwa "mai ba da aro", lokacin kuma "wa'adin aro".

Ina dagewa ne saboda yaron da ya riƙe kalmar aro zai gane matsalar da ta fi yawa a biro. Reso irin na 192.168.1.0 adireshi 254 kawai ke gare shi. Windows Server, manhajar Microsoft da ake iya sa wa aikin ba da aro, kwana 8 yake sa wa'adi in ba a canza ba. Duk baƙon da ya shigo ya hau wifi ya ara, ya tafi bai mayar ba, ga wayoyin yanzu suna sauya lambar MAC, wato lambar shaidar da ake gane na'ura da ita a reso, sai waya guda ta ci aro biyu ko uku. Ran nan ma'aikaci ya zo da safe ya tarar rumbu ya ƙare. Magani a rage wa'adin baƙi zuwa 'yan awoyi. Wanda aka koya wa "rabo" zai ce a ƙaro adireshi ne kawai.

Daga Tawa:
Na gamsu Malam, Allah ya ƙara sani. To ga inda yaran suka fi rikicewa: biron da ke da na'urar tsaro tsakaninsa da intanet. Wasu na ce mata "bangon wuta". Sai ka ga kwamfuta ta fito da adireshi mai farawa da 169.254, intanet babu.

Daga Yamai:
"Bangon wuta" fassarar baki da baki ce, Bahaushe zai ɗauka bangon ne ke ci da wuta. Katanga ta ishe mu, tunda tana da ƙofofi masu lamba, wasu a buɗe wasu a rufe.

169.254 ba aro ba ne. Kwamfuta ce ta nema ba wanda ya amsa, ta laƙaba wa kanta lamba. Saboda haka ka koya masu matakai huɗun da sunansu: shela, tayi, roƙo, amincewa. Kwamfuta ta yi shela, mai ba da aro ya yi tayi, ta roƙi wanda aka taya mata, ya amince. Duk wannan ta UDP yake bi, wato ɗaya daga hanyoyin aika saƙo a reso, ƙofa 67 wajen mai bayarwa, 68 wajen mai ara. Abin lura, lokacin shela kwamfuta ba ta da adireshi tukuna, da 0.0.0.0 take magana zuwa 255.255.255.255, wato zuwa ga kowa da ke cikin reson. In an kafa wa katanga doka cewa adireshin biro kaɗai za ta saurara, tana iya toshe shelar tun daga farko.

Sannan shela ba ta tsallake iyakar reso. In an raba biro gida-gida da VLAN, wato dabarar raba reso guda zuwa ƙanana, mai ba da aro yana wani gidan, sai an sa ɗan aike a kowane gida ya kai saƙo, katanga kuma ta bar masa ƙofa 67. Ɗan aike ita ce kalmar da nake ba ka a nan.

Daga Tawa:
Akwai biyu da muke gani kullum. In kuran ya dawo, a biron da katangar ce ke ba da aro, kwamfutoci na riga ta tashi, su yi shela ba mai ji. Wannan umarnin ipconfig /renew, da ake rubuta wa Windows don ta sake neman aro, ke gyara shi, ko a sa katangar kan batirin ajiyar wuta. Na biyun, wani ya kawo ƙaramar na'urar wifi daga gida ya jona, ita ma ta shiga ba da aro da ƙofar fita ta ƙarya. Da umarnin ipconfig /all muke ganin wanda ya ba da aron. Zan kira ta "mai ba da aron bogi".

Saura adireshin da ake ɗaure wa na'urar buga takardu da lambar MAC don kada ya sauya. "Aron dindindin"?

Daga Yamai:
A'a ƙanena, shi ma wa'adinsa na cika ana sabuntawa, sai dai ba a ba kowa shi in ba ita ba. Ka ce "keɓaɓɓen aro". Kuma ka bar haruffan DHCP kusa da kalmar Hausar a shafin farko, domin su yaran za su tarar a allon katanga in sun je gyara.