Nas ce ke bin lafiyar Inna, ko mu mayar da ita wurin likita?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Innarmu na da hawan jini da ciwon suga, tana cikin marasa ƙarfi da aka yi wa rajistar GoHealth, shirin inshorar lafiya na Jihar Gombe, kyauta. Nas ɗin asibitin unguwarmu ce ta riƙe ta: ta buɗe mata littafi, tana auna ta duk sati biyu, in ba ta zo ba sai ta bugo waya. Har gida ta zo ta zazzage ƙwayoyin a faranti ta ƙirga, nan ta gano Inna na tsallake na dare. Yanzu Yaya ya dage wai nas ba likita ba ce, a riƙa kai ta Asibitin Koyarwa. Daga Pantami ne, kuɗin keke ma aiki ne. Me kuka gani?

Ɗan Kumo: Ki dafa mata zogale da tafarnuwa.

Maman Biyu: Malam, tana kan magani fa.

Uwar Marayu: 'Yar uwa, haka muka samu wata nas mai kirki tana bin Babanmu. Rana ɗaya aka yi mata canjin wurin aiki, littafin ya shiga durowa, babu wanda ya sake kira. Ƙaya ce kawai ta soke shi a gona. Sati uku yana ɗaure ƙafar da tsumma, mu ba mu san wani mai suga ba ya jin zafin ciwon ƙafa ba. Da muka kai shi yatsu sun yi baƙi. Aka yanke. Har ya rasu yana tambayar ina yarinyar nan mai kira.

Bajoga Ɗaya: Allah ya jiƙan Baba. Gwajin suga ma naira 500 ne a kemis.

Mai Kemis: Ina? 1,000 ne yanzu, tsinken gwajin ya yi tsada.

Tsohuwar Nas: Nas da likita ba kishiyoyi ba ne. Likita ya rubuta magani, nas ta tabbatar ana sha, ta duba ƙafa, in awo ya hau ta rubuta takardar turawa. Ku nemi kwafin awon ku ajiye a gida.

Mai Kemis: Hajiya, dole ki yabi naku.

Tsohuwar Nas: Ɗana, kai da ke sayar da rabin katin magani fa?

Bajoga Ɗaya: A raba su kafin jininsu ya hau, babu nas a kusa!

Uwar Marayu: Ni abin da ke ci mini rai, tun 2014 doka ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, amma ka je da katinka a ce magani ya ƙare, je ka saya a waje.

Ɗan Kumo: Mu ko rajistar ba mu samu ba, an ce sai da NIN, kakata kuwa yatsunta sun ƙi hawa na'ura.

Maman Biyu: To Innar fa? Ranar Litinin Yaya zai zo.