In tafi da lofena Beljik ko in bar shi a Tawa?

Malamin Tawa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san Turai.

Ni malamin makaranta ne a Tawa, shekarata 58. 'Yata ta fari tana aure a Liyej, ƙasar Beljik, shekara shida ke nan. Watan jiya Allah ya sauke ta lafiya, an samu namiji, aka yi mini takwara. Suna ya wuce ni saboda aji. Yanzu biza ta fito, mijinta ya biya kuɗin jirgi. Da an rufe makaranta zan kama hanyar Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, in kwana biyu wurin ƙanena, in tashi daga filin jirgin Diori Hamani, a sauya jirgi a Istanbul sai Burusel. Kwana 40 zan yi. Gona na damƙa ta ga ɗan yayana, shi zai ga firi da maimai.

Abin da ya hana ni barci shi ne lofe. Shekara 31 ina shan sa, sau ɗaya a yini, bayan sallar lisha, a kan tabarma ƙofar ɗakina. Na mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa. Tsohon soja ne tun zamanin Faransa, da shi ya dawo gida. Na itace ne, ya yi baƙi ƙirin saboda hannu, bakinsa har yau akwai shaidar haƙoran tsoho. Da wuyansa ya tsage, wani maƙerin Buzaye a kasuwa ya ɗaure mini shi da zoben azurfa. Tabar kuwa ganye ce, wani ke kawo mini daga wajen Maraɗi, in yayyanka da 'yar wuƙata in zuba a jakar fata.

To, ana barin mutum ya shiga jirgi da shi? Tabar fa, 'yan duwan (kwastan) na can za su ƙwace? Sannan babbar damuwata: gidan suruki za ni. Yaron nan bai taɓa ganina da hayaƙi a baki ba, ita ma 'yar tun da ta yi wayo ba ta zama inda nake sha. Gidan bene ne, ɗaki biyu da falo, ga jinjiri. Ban san inda zan sa kaina ba.

Ɗan Ader a Burusel ya amsa:

Wa alaikumus salam Baba. Barka da arziki, Allah ya raya takwara.

Lofen kansa ba wanda zai tanka maka, sa shi a 'yar jakarka ta hannu, ka naɗe da hula ko tsumma, don akwatin da ke shiga cikin jirgi yana shan jifa. Wuƙar ita za ta shiga babban akwati, in ta biyo ka jakar hannu sunanta ƙwatacciya. Laita ɗaya ko ƙaramin kwalin ashana a aljihunka ake so, ba a akwati ba, kuma akwai filayen jirgin da ke karɓe su duk da haka, kada ka ɗauko mai tsada.

Taba: wanda ya shigo ta jirgi daga wajen Tarayyar Turai an yarje masa giram 250 na tabar lofe ba haraji, ko karan sigari 200, ɗaya daga ciki. Kai mai sha sau ɗaya a yini ko rabin haka ya ishe ka. Sai dai yankakken ganye a baƙar leda, ba suna ba rubutu, kowane ɗan duwan sai ya tsaya ya sunsuna, ka san abin da zai fara zo masa a rai. Ka auna ta a sikeli, ka zuba a roba mai haske, ka sa ta sama-sama. Wurin fita ƙofa biyu ce, koriya da ja. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka bi ja ka nuna da kanka.

Wanda ba ka tambaya ba kuma: na san Inna za ta cika maka akwati da kilishi da cuku da man shanu don mai jego. Nama da duk abin da aka yi da nono an hana shigo da su. Na ga dattijo ya tsaya yana kallo ana zuba tsarabarsa a kwandon shara, idonsa ya kawo ruwa.

A nan wurin sha ya yi ƙaranci ƙwarai. Tun farkon 2023 ko a dandalin jiran jirgin ƙasa ba a sha, ko da sarari ne. An ƙara da wuraren wasan yara, da bakin ƙofar makaranta da asibiti. Cikin mota in da yaro, tara ce. Gidajen kuma akwai na'ura a rufi mai ihu in ta ji hayaƙi.

Ungozoma daga Yamai ta amsa:

Malam, sannu da arziki. Ni ba zan yi maganar duwan ba, maganar jinjirin zan yi, don shekara 22 ina karɓar haihuwa.

Jariri ɗan wata biyu huhunsa bai yi ƙwari ba, kuma numfashinsa ya fi na babba sauri nesa ba kusa ba. Hayaƙin taba na jawo masa ciwon ƙirji da ciwon kunne da fuka, yana kuma cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar jarirai farat ɗaya cikin barci. Buɗe taga ba ya magani. Ko baranda ka fita, abin yana maƙalewa a riga, a gemu, a yatsu. Ka shigo ka ce a miƙo maka takwara, ka ɗora shi a ƙirji, hancinsa a kan wannan rigar. 'Yarka za ta gani, kuma ba za ta iya buɗe baki ba. 'Yar fari ce, kai ma ka san kunyar da ke tsakaninku. Sai ta haɗiye, ta yi ta neman dabarar karɓe yaron, kai kuma ka ɗauka rowar jika ake yi maka. Na ga irin wannan ta ɓata tsakanin uwa da kaka a gidanmu.

Kai ma kanka, kada ka ce ai ba ka haɗiye hayaƙin. Masu lofe a baki da harshe da maƙogwaro ciwo yake kama su. Ni dai da za ka ji tawa, kwana 40 ɗin nan dama ce. Ba tabarmarka, ba ƙofar ɗakinka, duk abin da ke tuna maka da shi ka baro shi Tawa. A kantin magani na can ana sayar da cingam da filasta na masu son bari, ba sai da takardar likita ba, amma ka gaya wa mai kantin in kana da hawan jini. Ka yi haƙuri in na yi tsauri, matsayin yaya na ɗauke ka.

Tsohon Direba ya amsa:

Malam, ni abokin shanka ne, kuma na yi irin tafiyar nan bara wurin ɗana. Hajiya gaskiya ta faɗa, ban musa ko ɗaya ba. Amma mutumin da ya shekara 31 da abu, a ce ya yar da shi ranar da ya bar garinsu, ya sauka cikin baƙin wuri da baƙin abinci, zafin rai zai kama shi, kuma mutanen gidan ne za su sha shi.

Ga yadda na yi. Na ware wata tsohuwar kwat ta musamman, tana rataye can ƙasan bene wurin kekuna, ba ta taɓa hawa sama ba. In na so sha sai in ce zan miƙe ƙafa, in sauka in saka ta, in taka har bakin ruwa inda ba yara. In na dawo in cire, in wanke hannu da fuska da gemu da sabulu, in yi asuwaki, kuma daren nan ba na ɗaukar yaro. Ɗana ya sani, matarsa ta sani, ba wanda ya ɗaga maganar.

Abu guda zai ba ka mamaki. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa can sai wajen ƙarfe goma na dare, lisha kuwa sai kusan sha biyu. In ka ce sai bayan lisha, to tsakar dare za ka fita titi kai kaɗai. Ni bayan la'asar na mayar da nawa, kuma da kwanaki suka tafi sai na ga ina tsallake kwana biyu, uku, ban ko tuna ba.

Lofen tsoho kuwa ka tafi da shi ko ba za ka sha ba. Irin wannan itacen saiwar wata bishiya ce ta bakin tekun Bahar Rum, garin San-Kulod na Faransa ya yi suna da sassaƙa ta. Ba mamaki daga can mahaifinka ya samo shi.

Malamin Tawa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, ba ki yi tsauri ba. Maganar rigar nan ta tsaya mini a rai, don jiya da na gama sha na sunsuna hannun rigata, abin da ban taɓa yi ba.

Maganar kilishi na gaya wa uwar mai jegon, ta ce to a sa kuka da kuɓewa busasshiya da yaji a madadinsa. Ɗan Ader, su ma akwai magana a kansu? Taba zan auna giram 50 kawai, in ta ƙare ta ƙare, ba zan saya a can ba. Ban yi wa kowa alkawarin bari ba, kada in zama maƙaryaci. Lofen zai bi ni, ina so in ɗauki hotonsa kusa da yaron, ba wuta, don ya san akwai wani kaka kafin ni. Kwat ce ban da ita, sai na sauka Yamai in sa ƙanena ya raka ni wurin 'yan gwanjo.