Jami'ar jeka-ka-dawo: abin da aka tattauna a zauren 'yan SS3 da iyayensu

'Yar Gwale: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wallahi raina a ɓace yake. Tun ina SS1 burina in karanta harhaɗa magunguna a ABU Zariya. Jiya muka je cibiyar rajistar JAMB da Yayana, da aka zo gurin zaɓen makaranta sai ya ce wa mai kwamfutar ya sa min BUK a zaɓin farko, wai Baba ya ce 'ya mace ba ta kwanan makaranta. Ina dangwala yatsa hawaye na zuba. Ni a ganina wanda zai tashi daga ɗakin uwarsa ya je lacca ya dawo kafin magariba bai yi jami'a ba, jeka-ka-dawo ya ci gaba da yi. Wayewa sai mutum ya bar garinsu. Don Allah ana iya canzawa daga baya?

Baban Khalifa: 'Yata, me kike nufi da wayewa? Mu da muka yi karatu a gaban iyayenmu gidadawa ne ke nan?

Ɗan Samaru: Baba, ba zagi ta yi ba. Ni a Suleiman Hall, ɗakin kwanan maza na ABU da ke Samaru, na zauna. Mu huɗu a ɗaki: Bayarabe, Batibi, wani ɗan Borno, sai ni. A nan na koyi girki a risho, na koyi jan dubu biyar ta kai ni ƙarshen wata, na koyi yin musu da wanda ba addininmu ɗaya ba mu tashi mu ci tukunya ɗaya. Wannan ita ce wayewar. Ba a koyar da ita a aji.

Maman Hanan: Kai namiji ne, Ɗan Samaru. Ko a tasha ka kwana ba mai cewa komai. Wannan kalma ta wayewa ita ta cinye mana 'ya'ya. Yarinya ta tafi da hijabi har ƙasa, hutun farko ta dawo tana gyara wa uwarta magana.

Anti Malama: Haba Maman Hanan. Shekara huɗu na yi a Amina Hall, ɗakin kwanan mata na ABU, da hijabina na shiga da shi na fito, kuma a masallacin makaranta na haɗa haddar izu goma tare da 'yan MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Har yau ina tuna Innata daren da zan tafi, tana ƙulla min garin kwaki, ƙuli-ƙuli da yaji a leda, tana cewa "ki riƙe sallah, sauran mai sauƙi ne." Tarbiyya daga gida ake tafiya da ita. Nawa ne suka lalace alhali kullum a gidansu suke kwana?

Maman Hanan: Wa kike nufi da hakan, Malama? Ki fito fili ki faɗa.

Anti Malama: Ban kama sunan kowa ba, Hajiya.

Bakano Na Asali: Ni abin da ya ba ni haushi shi ne yadda ake magana kamar BUK makarantar ƙauye ce. Ku je sabon mazauni a titin Gwarzo ku ga ɗalibai daga kowace jiha. Akwai ɗakunan kwana, akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Wace wayewa ce a Samaru da babu ita a Kano? Kano fa tumbin giwa ce.

Ɗan Samaru: Ɗan'uwa, tarihi ba ya ƙarya. An buɗe ABU a 1962, kuma Kwalejin Abdullahi Bayero reshenta ce a lokacin. Sai 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. 'Ya ba ta haifi uwa ba.

Bakano Na Asali: To sai me? Ɗa ba ya fin ubansa arziki? Ku Zagezagi ba ku da zance sai tuna baya.

Ɗan Samaru: Ni ba Bazazzagi ba ne ma, ɗan Funtuwa ne. Karatu ya kai ni, abin da nake ta faɗa ke nan.

Na Shehu: Kuna ta Kano da Zariya kamar su kaɗai ne a Arewa. Ku zo Jami'ar Danfodiyo a Sakkwato ku ga natsuwa. Iyaye da yawa can suke kai 'ya'yansu mata hankalinsu kwance.

Bakano Na Asali: Zafin Sakkwato kaɗai ya isa ya kori mutum.

Baban Khalifa: Har yanzu ba a ba ni amsa ba. Wayewa a Hausa daga wayewar gari take, wato haske ya zo duhu ya tafi. Mai ilimi da ladabi shi ne wayayye. Yaushe ta koma kwana a wani gari?

Anti Malama: Yaya, ai Hausawa ne suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Su malaman da muke alfahari da su ba gabas suka tafi neman karatu ba?

Maman Hanan: Maza ne suka tafi, ba 'yan mata masu shekara 16 ba.

Tsohuwar Ɗaliba: Ku bar ni in faɗi nawa, ba zan ambaci makarantar ba. Daga gida na yi karatu. Ƙarfe shida na safe ina bakin titi ina jiran Adaidaita Sahu, in dawo da yamma in tarar da wanke-wanke da ƙanne na jirana. Bitar da 'yan ajinmu ke yi bayan isha ban taɓa halarta ba. Ɗakin karatu kuwa sai lokacin jarrabawa. Ba wayewa na rasa ba, lokaci na rasa, kuma ya nuna a sakamakona. Amma da aka yi yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, ƙawayena da suka kama haya a waje kuɗin shekararsu ya tafi a banza, ni ban yi asarar ko sisi ba. Kowanne da nauyinsa.

Bakano Na Asali: Kun ji ko? Gida ya fi.

Ɗan Samaru: Ba haka ta ce ba! Ka karanta farkon maganar mana.

Malam Na Lissafi: Ni malamin sakandare ne. Maimakon wannan ja-in-ja ku gaya wa yarinyar yadda ake rabon gurbi a jami'o'in tarayya: kashi 45 cancanta, kashi 35 yankin da jami'a ke ɗiba, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a boko. Harhaɗa magunguna maki mai yawa yake so ko a ina ne. Ta fara cin jarrabawar tukuna.

Maman Hanan: Malam, ka bar zancen lissafi, tarbiyya muke magana. Kuma har yanzu ina jiran Malama ta janye maganarta.

Anti Malama: Ba abin da zan janye, don ban faɗi ƙarya ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu mun yarda bin maganar iyaye shi ne gaba da komai, kuma karatu a gida ya fi kwanciyar hankali da sauƙin aljihu, kamar yadda 'yar'uwarmu ta ba da shaida kan yajin aiki. Ni kaina a Kano na yi digirina, ƙannena uku ma haka, ba wanda ya taɓa kiranmu gidadawa. Masu ganin sai an je nesa mun ji nasu, amma hujjarsu labarin ƙuruciya ce kawai. 'Yata, ki yi haƙuri ki ba Babanki haƙuri, ki kuma daina amfani da kalmar nan ta wayewa.

Ɗan Samaru: Shugaba, mu uku muka ce a fita, ina ka samo "mafi yawanmu"?

'Yar Gwale: Na gode iyayena da yayyena. Amma tambayata ita ce ko JAMB tana bari a canza makaranta bayan an yi rajista. Idan ana yi, ina so in roƙi Kawuna ya je ya sami Baba, don 'yarsa tana aji uku a Zariya.