Gudun fanfalaki a Svalbard: wa ya taɓa yi?

Ɗan Filato:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wurin aiki za su tura ni kwas na mako biyu a Oslo a ƙarshen watan Mayu. Wani abokin aikina ya kwaɗaita mini cewa tunda zan je har can, in ƙarasa garin Longyearbyen da ke tsibirin Spitsbergen a Svalbard, can arewa da Norway, ana gudun fanfalaki a wurin farkon Yuni. Na yi na Legas sau biyu, na biyun cikin awa 4 da minti 20, saboda haka kilomita 42 ba baƙuwa ba ce a wurina. Sanyin ne ya tsaya mini a rai. Ni haifaffen Jos ne, kullum ina yi wa Kanawa burga da sanyin garinmu, amma da na ga inda wurin yake a taswira sai gwiwata ta yi sanyi tun ban je ba. Me ake sawa? Ƙirji ba ya ciwo? Sannan maganar farin beyar, gaskiya ce ko tsorata baƙi ake yi? Uwargida ta ce in dai akwai dabba mai cin mutum a hanyar, in zagaya Rayfield sau goma in dawo gida.

Bakanon Tromsø:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi shi sau ɗaya, kuma kai da ka ci Legas ba nisan ne zai ba ka wahala ba.

Fara cire hoton da ke kanka na mutum lulluɓe kamar buhu yana ratsa dusar ƙanƙara. A farkon Yuni ma'auni kan tsaya tsakanin sifili da digiri 5, titi a bushe yake, ƙanƙarar tana can bisa duwatsu. Wani wurin kwalta, wani wurin tsakuwa. Garin kansa ƙarami ne, mutum kusan 2,500, tsohon sansanin masu haƙar kwal da wani Ba'amurke John Longyear ya kafa a 1906. Daga nan zuwa ƙuryar Arewacin duniya, wato North Pole, kilomita wajen 1,300 ne. Duk titunan wurin in ka haɗa su ba su wuce kilomita 40 da ɗoriya ba, kuma babu wanda ya kai wani gari. Shi ya sa ake zagaye hanya ɗaya sau biyu.

Abin da ya ci ni gumi ne da iska. Da safe na leƙa waje, na ji sanyi ya tsinke mini kunne, sai na koma na jibga kaya: singiletin auduga a ciki, rigar sanyi, sannan jaket. Aka tashi, muka hau tudu zuwa Nybyen, tsoffin barikokin leburori da ke can saman gari, kafin kilomita 5 na jiƙe sharkaf. Zafi ya ishe ni, na tuɓe safar hannu na cusa a ƙugu, ɗaya ta faɗi ban ma sani ba. To da muka fita cikin kwarin Adventdalen sai ga iska a fuska. Babu bishiya ko ɗaya a tsibirin, babu gini, babu abin da za ka raɓa. Audugar nan da ta sha gumi ta manne mini a baya kamar an shimfiɗa mini ƙanƙara. A zagaye na biyu na ciro ledar dabino da na ƙulle a aljihu, wallahi yatsuna suka ƙi kwance ƙullin. Da haƙori na yaga ta, rabin dabinon ya zube a tsakuwa, na tsaya ina tsinta ɗaya-ɗaya kamar kaza. Wata dattijuwa 'yar Norway da na wuce tun farko ina jin kaina, ta zo ta gifta ni a hankali, da 'yar rigar ulu shara-shara, ko haki ba ta yi.

Saboda haka kada auduga ta taɓa fatarka. Siririn ulu ko rigar gudu mai fitar da gumi a ciki, jaket mara nauyi mai tare iska a sama, dogon wando, hula mai rufe kunne, safar hannu, kuma ka ajiye ta biyu a aljihu. In kana tsaye a layin tashi kana ɗan makyarkyata, shigar ta yi daidai. In kana jin ɗumi, ka yi yawa. Ƙirji ba abin da zai same shi, hanci ne dai zai yi ta zuba, kowa ma haka. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, domin sanyi ɓoye ƙishirwa yake yi. Kana gamawa kuma ka shige cikin ɗakin wasanni ka canza kaya, kada ka tsaya ɗaukar hoto da jiƙaƙƙiyar riga.

Abu na biyu wanda babu mai gaya maka shi ne kaɗaici. A Legas ga makaɗa, ga 'yan kallo, ga masu yi maka tsiya daga kan gada. A nan duka-duka 'yan ɗaruruwa ne, kuma da yawansu kilomita 10 ko 21 suke yi. Da masu rabi suka gama, na yi tafiyar kusan minti ashirin ban ga kowa a gabana ba, sai turakun katako na tsohuwar igiyar jigilar kwal jere a gefen dutse, da wasu barewar can masu gajerun ƙafafu suna kiwo, ko ɗaga kai ba su yi ba. Ƙarar takalmina kawai nake ji. Ni a wurina nan ne daɗin abin yake, amma na san wanda shiru ke karya wa gwiwa.

Beyar kuwa ba tatsuniya ba ce. A bakin gari akwai allo mai hotonsa, daga nan doka ta ce sai da abin korarsa ake fita, mazauna wurin da bindiga suke fita. Ranar tsere ana girka masu gadi da bindigogi a hanyar. Za ka gan su a tsaye, bayansu gare ka, fuskarsu ga duwatsu. Tun 1973 aka hana farautarsa, harbi sai in rai ya zo wuya. Ni ko sawunsa ban gani ba. Ka gaya wa uwargida hankalinta ya kwanta, amma kai ma kada ƙafa ta kai ka bayan allon nan da sunan motsa jiki kai kaɗai.

Hajiyar Bergen:

Malam, kafin maganar riga, duba bizarka. Svalbard ƙarƙashin Norway take bisa yarjejeniyar 1920, kuma ba a neman biza don shigarta, amma ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, har da Norway. Da jirgi ya tashi da kai daga Oslo ko Tromsø zuwa can, a lissafi ka fita, ana duba fasfo. Dawowa sabuwar shiga ce. In ta shiga ɗaya aka buga maka, ka ga ta kanka. Ka nemi mai shiga biyu tun a gida, ka rubuta musu dalili. Masauki kuma ka kama da wuri, kaɗan ne kuma da tsada. Kuma in ka shiga masauki ka ga takalma jere a ƙofa, cire naka, al'ada ce tun zamanin ƙurar kwal. Wannan kam ba sai an koya wa Bahaushe ba.

Ɗan Filato:

Allah Ya saka da alheri. Hajiya, wallahi kin cece ni, mai shiga ɗaya na cike a takardar, gobe da sassafe zan gyara. Yaya Bakano, singiletin auduga har guda uku na ware a jaka, na mayar da su. Amma an ce rana ba ta faɗuwa a lokacin. Yaya kuka yi da salla da barci? Kuma ni a zafin Afrilu da Mayu zan yi atisaye, ba zai zama aikin banza ba?

Bakanon Tromsø:

Ba aikin banza ba ne, wanda ya saba gudu a zafi in ya samu sanyi ƙafarsa sauƙi take ji. Ka dai yawaita hawan tudu, wannan kuwa Jos ba ta rasa ba.

Rana kam daga kusan 20 ga Afrilu har bayan 20 ga Agusta ba ta faɗuwa, zagaya sama kawai take yi. Mu nan Tromsø a irin waɗannan watanni yawancinmu lokutan Makka muke bi, wasu kuma na gari mafi kusa da ke samun dare da rana. Ka tambayi malaminka tun kana gida ka tsaya a kan ɗaya. Ni na Makka na bi, na yi Magariba da Isha rana tana haska mini darduma.

Barci ne matsalar. Daren tsere na farka firgigit, haske ya cika ɗaki ta gefen labule, na ce shi ke nan an tashi ba ni. Na zura wando, har na ɗaure takalmi ɗaya, sannan na duba waya: ƙarfe biyu da kwata na dare. Ban ƙara runtsawa ba. Ka sayi abin rufe ido a filin jirgi, ka kuma isa da kwana biyu kafin ranar. Dabinon kuma ka zuba shi a aljihu haka nan, ba leda.