Ƙanwata na cikin damuwa, ni kuma na fara gudun wayarta

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanwata ce aka sallama daga aiki yau wata uku ke nan, tun lokacin kullum da daddare sai ta kira ni, mu yi awa ɗaya wani sa'in har biyu tana maimaita min abin da ogansu ya faɗa mata da waɗanda suka ci amanarta, ni kuma ina taya ta jin haushi don wallahi abin ya min ciwo kamar ni aka yi wa. To in mun ajiye waya ita ba ta samu sauƙi ba, ni kuma ƙirjina ya yi nauyi, barci ya gagara, da safe in tashi ina yi wa yara faɗa ba su yi komai ba. Na ce mata ta yi haƙuri ta manta, ta ce ban damu da ita ba. Yanzu har ina ganin kiranta in ƙi ɗagawa kuma abin na cina a rai. Rashin tausayi ne ya kama ni?

Ɗalibin Halayyar Ɗan Adam:
Wa alaikumus salam Anti. Ba rashin tausayi ba ne, ciwonta ne kike kwasa gaba ɗaya ki ɗora wa kanki. A 2004 wata mai bincike Tania Singer ta gwada masoya a Landan, tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar matan, sai aka ga in an sa wa namijin ɗan shokin lantarki a hannu wasu sassan da ke aiki lokacin da macen ke jin zafi da kanta su ma suna tashi. Kin ga nauyin ƙirjin nan ba ƙirƙira kika yi ba. Amma masana irin su Daniel Batson sun raba abu biyu, akwai wanda halin wani ke tayar masa da hankali har ya rasa natsuwa, shi wannan mafita yake nema wa kansa shi ya sa yake guduwa, akwai kuma wanda ya ji tausayi amma hankalinsa na kan me zan yi mata. Ƙin ɗaga wayar nan na farkon ne, gajiya ce.

Ma'aikaciyar Jinya:
'Yar uwa ni abin da na hango shi ne hirar taku kanta. Amanda Rose ta yi bincike a 2002 kan yara da matasa masu yawan tauna matsala ɗaya da abokansu, ta ga abin na ƙara musu shaƙuwa amma yana tafe da ƙarin damuwa da fargaba. Ke kina hura wuta ita tana hurawa, wa zai kawo ruwa? Kuma "yi haƙuri ki manta" in ta zo da wuri mutum ji yake an rufe masa baki, shi ya sa ta ji haushi. Danne abu ma ba magani ba ne, James Gross na jami'ar Stanford ya nuna mai ɓoye ɓacin ransa fuska ce kawai ke lafawa, jiki na nan a tashe, wanda ya sake duban lamarin ta wata fuska shi ya fi samun sauƙi. Ni yadda nake yi da 'yan uwan marasa lafiya, in bar mutum ya amayar da abin da ke ransa ban katse shi ba, sai in faɗa masa abin da na ji, misali "na ga wulaƙancin ya fi miki ciwo a kan rasa albashin". In ta ce eh wallahi, to nan ne ƙofa ta buɗe, sai ki tambaye ta a satin nan me take ganin za ta iya yi. Ki kuma sa wa hirar lokaci, ki gaya mata gaskiya cewa kina so ki saurare ta da natsuwa shi ya sa.

Wanda Ya Taɓa Shiga:
Na yarda da ku amma kar a yi mata gaggawa. Ni ma na taɓa rasa aiki, kuma ba nasiha ce ta ɗaga ni ba, wani yayana ne yake zuwa ya ce tashi mu taka, mu yi ta tafiya wani lokacin ko maganar ba ma yi. Sai dai Anti ki lura, in ta wuce sati biyu kusan kullum cikin baƙin ciki, ba ta jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, wannan aikin likita ne. In kuma ta taɓa cewa gara ta mutu kar ki jira, ki kai ta asibiti a ranar.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar wulaƙancin nan ta taɓa ni don tunda aka fara ban taɓa jin ta ambaci kuɗi ba, kullum "a gaban mutane ya faɗa min" take cewa. Barcinta dai na san ba daidai yake ba. Gobe in sha Allah ba waya zan yi ba, da ƙafata zan je in ganta, in ta yarda mu ɗan fita.